GASKIYA DA HAƊA KAI A SANA'AR MATAN HAUSAWA

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga tsohon birnin Kano, ko na Zariya, ko na Katsina da hantsi, ya bi ta lunguna, ba lalle ne ya ga rumfa ko ɗaya ba, amma kuwa a tsakiyar kasuwa yake tafiya. Bayan wannan katanga ana tuyar ƙosai, bayan waccan ana matsar ƙuli-ƙuli, can gaba wata tana ɗinkin hula, wata tana awon gero, wata kuma tana haɗa turaren wuta. Abin da idonsa zai gane masa shi ne yara da farantai a ka, suna fita wannan zaure suna shiga wancan. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abubuwa biyu waɗanda suka riƙe wannan kasuwa tun zamanin da, watau gaskiya tsakanin mai saye da mai sayarwa, da kuma irin haɗa kan da mata suke yi a junansu. Sa'an nan a duba abin da ya sami waɗannan abubuwa biyu yayin da gwamnati, da banki, da wayar hannu suka shigo cikin al'amarin.

Kasuwar da ba a gani

Wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, kuma a 1969 ta buga wata maƙala a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa. Abin da ta lura da shi, wanda ma'aikatan lissafi na gwamnati suka daɗe ba su lura da shi ba, shi ne cewa hatsi mai yawa ba ya isa kasuwar ƙauye sam. A cikin gidaje ake sayar da shi, a hannun matan kulle, ta hanyar aiken yara. Ta kwatanta gidajen garin da saƙar zuma, kowane ɗaki rumfa ce mai zaman kanta. Bahaushe bai buƙaci a zo daga Ingila a gaya masa wannan ba, domin da shi ya tashi. Amfanin aikinta shi ne ta sa abin a rubuce, ta yadda mai tsara manufa ba zai ƙara cewa matan kulle zaman banza suke yi ba.

Tushen wannan kasuwa yana cikin shari'a. A mazhabar Malikiyya wadda ake bi a ƙasar Hausa, ci da sha da sutura da muhalli duk suna wuyan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, aure ba ya haɗa ta da ta miji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mace ta sayi gyaɗa a hannun mijinta a kan farashin kasuwa, ta soya, ta matse mai, ta sayar, ribar ta shiga asusunta. Haka kuma ba abin kunya ba ne ta ranta masa kuɗi da bazara, ya biya da kaka. Wannan riba ba don ado kaɗai ake tara ta ba. Da ita ake sayen kwanuka da gado da sauran kayan ɗakin 'ya mace, da ita ake yin biki, da ita ake sayen akuya ko tunkiya a ba da kiwo. Ita ce kuma abin dogaro ranar da aure ya mutu, ko miji ya rasu.

Sana'o'in kansu suna sauyawa. A da kaɗi shi ne sana'ar kusan kowace mace, har zaren kanti da masaƙu irin ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, suka kashe masa kasuwa. Injin niƙa ya rage wa masu dakau abinci. Amma tsarin cinikin bai mutu tare da mazari ba, sai ya koma kan abinci, da ɗinki, da kayan ƙamshi.

Gaskiya

A kasuwar fili, mai saye yana ɗaga kaya, ya juya, ya shinshina, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, har a sallama. Idonsa ne mai tsaronsa. A kasuwar cikin gida kuwa, sau da yawa mai saye da mai sayarwa ba su taɓa ganin juna ba. Yarinya 'yar shekara tara ce take tsakaninsu, da kwano da kuɗi a ƙulle a bakin zane. To, a inda ido ba ya aiki, dole wani abu ya tsaya a madadinsa. Wannan abu shi ne suna. Ana cewa furar gidan wane, ko daddawar wance, kuma da jin sunan an san abin da za a tarar a cikin kwano.

Gaskiyar da ake nufi a nan tana da fuskoki. Akwai gaskiyar kaya, watau a ce man gyaɗa man gyaɗa ne, ba a gauraya shi da wani mai ba, nono bai sha ruwa ba, yaji ba a cika shi da dusa ba. Kishiyar wannan ita ce algus, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci, kamar yadda ta aro amana da ha'inci. Abin lura ne cewa yawancin kalmomin da ake auna halin ɗan kasuwa da su daga addini suka zo, alhali kalmomin cinikin kansa, irin su tayi da gyara da rangwame, a bakin 'yan kasuwa suka girma. Akwai kuma gaskiyar awo. Sura ta 83 ta Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye mudu ta buɗe, kuma kowace mai awo ta san abin da ake nufi da mudun da aka buga wa gindi. Gyara, watau ɗan ƙarin da ake zuba wa mai saye bayan an gama awo, wani ɗan Turai zai ɗauke shi asara. A gaskiya shaida ce da mai sayarwa take aikawa cikin kwano, cewa mudunta ya cika har ya zuba.

Fuska ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce gaskiyar magana, domin kasuwar mata a kan bashi take tafiya. Mai ƙosai takan karɓi wake da safe ta biya da yamma. Mai awo takan ba maƙwabciya tiya biyu sai ƙarshen wata. Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu takarda, babu shaida, sai dai abin da aka faɗa.

Babu wanda wannan nauyi ya hau kansa kamar dillaliya. Galibi dattijuwa ce wadda shekaru suka fitar da ita daga kulle, ko bazawara, wadda take da izinin shiga kowane gida. Mace takan ba ta zane, ko 'yan kunne, ko jeren kwanuka, ta ce a sayar. Dillaliya ta fita da su, ta kwana biyu ko mako, ta dawo ta ce ga abin da aka taya. Mai kaya ba ta da hanyar sanin ko an taya fiye da haka. Mai saye ba ta san ko kayan wace ce ba, kuma ba a so ta sani, domin mai sayar da kayan ɗakinta yawanci matsuwa ce ta sa ta, ba ta kuwa son kishiya ko dangin miji su ji. Ashe ke nan amana biyu dillaliya take ɗauke da su, ta kuɗi da ta asiri, kuma la'adar da take samu ladan duka biyun ce. Ranar da aka kama ta da cin ɗaya daga ciki, ba kotu za a kai ta ba. Ƙofofi ne za su rufe mata ɗaya bayan ɗaya, domin labari a tsakanin gidaje ya fi ta sauri. Wannan tsari na mace mai dukiya ta ba wani ya yi mata fatauci ba baƙo ba ne ga Musulmi. Nana Khadija haka take yi a Makka, kuma amanar da ta gani wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da ya kai mata kaya Sham, tana cikin abin da malaman tarihi suke ambatawa a labarin aurensu.

Kada a ɗauka cewa ana nufin matan da duk waliyyai ne. An yi algus a da, ana yi yanzu. Abin da ake nufi shi ne unguwa ƙarama ce, mai saye ɗaya ne yau da gobe da jibi, saboda haka ha'inci ba ya biyan mai shi.

Haɗa kai

A 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A cikinsa akwai bayani mai yawa a kan ƙawance, kuma ƙawancen da Baba ta sani ba sabo ne kawai ba. Ƙulla shi ake yi da kyauta a gaban mutane, yana da haƙƙoƙi, kuma ana iya warware shi. Daga cikinsa biki yake fitowa. Idan ƙawa tana aurar da 'ya ko tana suna, 'yar'uwarta takan kawo gudummawa, kuma ƙa'idar da aka rubuta daga ƙasar Zazzau a wancan zamani ita ce a mayar da ninki: wadda aka kawo wa sule biyu, ranar bikin ƙawarta sai ta kai sule huɗu, haka abin zai yi ta hawa har ya yi nauyi, sa'an nan su yarda a koma ƙasa a sake farawa. Wanda ya dubi wannan da idon ma'aikacin banki zai ga ajiya ce da rance a cikin rigar zumunci.

Adashi ya fi biki fitowa fili. Alal misali, mata 10 su yarda kowace Juma'a kowa ta zuba naira 2,000 a hannun uwar adashi. Kowane mako mutum ɗaya ta kwashe naira 20,000, har zagaye ya cika a mako na 10. Wadda ta yi kwasar fari rance ta samu ba tare da ruwa ba. Wadda ta yi ta ƙarshe ajiya ta yi, a inda hannunta ba zai kai ba, balle na miji ko na ɗan'uwa mai roƙo. Yarbawa suna da irinsa, suna kiransa esusu, a Gana ana cewa susu, a ƙasashen da Faransa ta mallaka kuma ana cewa tontin. Duk haɗarin adashi yana wuri ɗaya, watau wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi. Aikin uwar adashi ke nan. Ita take zaɓar wadda za a sa, ita take sanin wadda za a ba kwasar farko da wadda za a ajiye sai can baya har a ga kamun ludayinta, kuma idan wata ta gaza, sau da yawa ita take cikewa daga aljihunta don kada sunanta ya ɓaci.

A nan akwai wani abu da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya tsaya ya duba da kyau, domin rashin fahimtarsa ya jawo asarar kuɗi mai yawa. Matan Hausawa suna haɗa kuɗi, suna haɗa hannu wajen aiki, suna aron turmi da tukunya da kasko, suna tura wa juna masu saye, amma ba safai suke haɗa jari a sana'a ɗaya ba. A adashi, kuɗin da mace ta kwasa nata ne ita kaɗai, ba mai tambayarta me ta yi da shi. Ko a gida ɗaya, sau da yawa za a tarar uwargida tana fura, amarya tana ƙosai, kowa da tukunyarta da asusunta, kuma ana ganin rashin ta-ido ne mace ta kama sana'ar da abokiyar zamanta take yi. Masu gaggawar yanke hukunci sukan ce kishi ne. Kishi yana ciki, amma akwai hankali a ciki fiye da kishi. Mace ba ta da tabbacin za ta ƙare rayuwarta a gidan da take, ko a garin da take. Jarin da yake a ƙulle cikin na wasu ba ya bin ta idan ta tashi. Akuya da kwano da kuɗin adashi kuwa suna bin ta. Irin haɗa kan da ta zaɓa shi ne wanda zai ƙarfafa ta ba tare da ya ɗaure ta ba.

Wannan tsari yana da wanda yake biyan kuɗinsa, kuma ba daidai ba ne a yabe shi a ɓoye wannan. Enid Schildkrout, wata Ba'amurkiya da ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matar kulle a kan yara ta dogara, musamman 'yan mata masu talla. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, sai uwa ta sami kanta tsakanin abu biyu: ta sa 'yarta makaranta sana'a ta tsaya, ko ta riƙe ta a talla don a tara kayan ɗakin da za a kai ita 'yar da su. Duk mai son yarinya ta zauna a aji, tilas ya amsa tambayar uwarta, watau wa zai kai ƙosan kasuwa.

Hannun hukuma

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Nijeriya an kafa ta a 1935, bayan rahoton da C. F. Strickland ya rubuta a 1934, kuma manoman koko na Yamma ne suka fi cin moriyarta. Mata ba su shigo lissafi sosai ba sai a 1987, lokacin da Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara. Bankin Al'umma ya biyo baya a 1989 don ba talakawa rance ba tare da jingina ba, yana koyi da bankin Grameen na Bangaladash, inda Muhammad Yunus ya tsara masu karɓar rance rukuni-rukuni na mutum biyar. A 2000 aka narkar da Bankin Al'umma cikin bankin manoma. Waɗannan shirye-shirye sun yi amfani ta wajen sa a san da mata. Rauninsu shi ne kuɗin daga sama yake zuwa. Ƙungiyar da aka kafa jiya don an ji za a raba injin niƙa, mambobinta ba su zaɓi juna ba, babu uwar adashin da sunanta zai ɓaci, kuma kuɗin gwamnati a idon mutane da yawa ba bashi ba ne, rabo ne.

Misalin da ya bi wata hanya daga Jamhuriyar Nijar ya fito. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri mai suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan ko sisi na jari ba. Su suke zaɓar junansu, su haɗu mako-mako, kowa ta zuba abin da aka yarda. Bambancinsa da adashi shi ne ba a kwashe kuɗin a ranar. Tara shi ake yi a asusu, mai bukata ta ranta, ta dawo da shi da ɗan ƙari, bayan watanni a fasa asusu a raba wa kowa. A tsarin da ya yaɗu daga nan zuwa ƙasashen Afirka da dama, akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Watau an ɗauki amanar da take wuyan uwar adashi ita kaɗai an raba ta, ta yadda ba sai an sami waliyyiya ba kafin kuɗi ya tsira. Sana'a kuwa an bar wa kowa tata. Maganar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance ta jawo muhawara tsakanin malamai, domin tana kama da riba, kuma wannan damuwa ce ta gaske wadda ta hana mata da yawa kusantar banki tun asali. Ita ce kuma ta buɗe wa bankin Jaiz hanya, wanda ya fara aiki ba da ruwa ba a 2012.

Zamanin waya

Wayar hannu ta yi wa matar kulle abin da babu wata doka da ta yi mata: ta ba ta rumfa ba tare da ta fita zaure ba. Ta WhatsApp da Instagram da Facebook, mai turaren wuta a Maiduguri tana sayar wa amarya a Sakkwato, mai atamfa a Kano tana aika kaya Yamai, ɗan acaɓa ko direban tasha ya maye gurbin 'yar talla. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa har masu ƙananan sana'a da yawa koyon karɓar kuɗi ta waya.

Sai dai abin da ya sa ha'inci ba ya biya a unguwa, watau ƙanƙantar unguwar, shi ne waya ta kawar. Mai saye ta ga hoto, ta tura kuɗi, abin da ya iso ba shi ne na hoton ba, kuma babu maƙwabciyar da za a kai wa ƙara. Mai sayarwa ita ma tana fama da saƙon banki na jabu. Adashi ya koma waya tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Mafi muni shi ne masu aron rigar taimakon juna su yi damfara da ita, kamar shirin MMM wanda ya yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata, sa'an nan ya rufe asusun mutane a Nijeriya a watan Disamba na 2016. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana da ma'aunin gane irin wannan: adashi ba ya haihuwa. Abin da aka zuba shi ake kwasa, ba ƙari ba ragi. Duk adashin da aka ce za a zuba 10 a kwashi 13, kuɗin wata ne ake ba wata.

Hukuma tana da nata maganin, watau rajista. Hukumar rajistar kamfanoni an kafa ta a 1990, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993. Lambar da suke bayarwa ita ce take tsayawa a matsayin shaidar maƙwabta ga mai sayen da yake nesa. Amma sharuɗɗan samun lambar abinci, irin su keɓantaccen wurin aiki da gwajin kaya, sun fi ƙarfin mace ɗaya mai soya gyaɗa a tsakar gida. Hanyar da ta rage ita ce mata da yawa su haɗu a wuri ɗaya, da inji ɗaya, da suna ɗaya a jikin kwalba. A nan ne zamani yake neman su yi abin da iyayensu suka guje wa, domin suna ɗaya yana nufin idan mutum ɗaya ta yi algus, duka ne za su rasa kasuwa. Jami'in da zai yi wa irin wannan ƙungiya rajista ya kamata ya tambayi wa ya zaɓi mambobinta, wa yake duba man kowace kafin a zuba a kwalba, yadda mace za ta fita da rabonta idan aure ya kai ta wani gari, da kuma ko ƙungiyar tana da ikon sallamar wadda aka kama ba tare da an jira izini daga ofis ba.